Injiniya da Matan Ɗakin Wanki

A wani babban asibiti an yi wani ma'aikaci da kowa ke kira Injiniya. Mutum ne mai ilimi da ƙwazo. Ba ya latti, ba ya cin amana, kuma in ya ce zai gama aiki ranar kaza, to ranar ce. Aibinsa ɗaya ne, amma babba ne. A ganinsa tambaya ƙasƙanci ce. Idan na ƙasa da shi ya fara ba shi shawara, sai ya duba agogon hannunsa ya ce, "To, an ji," alhali ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnensa ba.

Tun yana ɗan shekara shida iyayensa suka rasu. Goggonsa, ƙanwar mahaifinsa, ita ta ɗauke shi ta rene shi. Shekara ashirin da bakwai tana aiki a ɗakin wanki na wannan asibitin, har ta zama shugabar matan da ke wurin. Da hannun da sabulu ya cinye ta ɗauki nauyin karatunsa. Bai manta ba, duk ƙarshen mako yana zuwa gaishe ta. Amma a wurin aiki ba ya son a tuna masa. In suka haɗu a baranda, ita tana tura keken zannuwan gado, shi yana tafe da likitoci, sai ya gaishe ta da ka ya wuce.

Tsohon ɗakin wanki ya gaji. Rufin yana yoyo, injuna biyun da ke ciki kullum suna hannun mai gyara. Abin da ke riƙe da aikin shi ne dogayen kwami uku na siminti inda ake jiƙa kaya, da filin shanya a baya. Sai hukumar asibiti ta yanke shawarar gina sabo, mai manyan injunan wanki uku da na busarwa biyu. Babban Likita ya kira Injiniya ya damƙa masa aikin.

Ya ce, "Wata shida muka ba ka. Amma ka zauna da matan nan tukuna, su za su yi aiki a ciki."

Injiniya ya tara su bayan ya riga ya gama zanen ginin. Su goma sha huɗu suka zauna a benci, hannayensu ko bushewa ba su yi ba. Ya manna babbar takarda a bango, ya yi ta nunawa da biro: nan injuna, nan teburan ninki, nan ofis. Goggo ta sa tabaronta ta matso, ta daɗe tana duba zanen.

Ta ce, "Auta, ƙofar ɗaya ce?"

Auta sunansa na gida ne, ba wanda ya taɓa jinsa a asibitin. Matan suka tuntsire da dariya. Wata da ake kira Rediyo saboda surutunta ta ce, "Ashe Injiniya ma autan wasu ne!"

Fuskarsa ta haɗe. Goggo ba ta lura ba, ta ci gaba. Ta ce zanin da ya fito daga ɗakin tiyata da ɗakin haihuwa bai kamata ya shiga ta ƙofar da wankakke ke fita ba. Ta ce ba ta ga wurin jiƙa kaya ba, kuma jini in bai kwana a ruwan sanyi ba, ruwan zafi dafa shi yake yi a jikin zani. Tana shirin yin maganar filin shanya ya katse ta.

Ya ce, "Malama, nan ba gida ba ne. Waɗannan injunan ba irin akwalar da kuka saba da ita ba ce. Ku aikinku wanki, ni aikina tsari. Kowa ya tsaya inda aka ajiye shi."

Goggo ta cire tabaronta a hankali, ta naɗe shi a bakin ɗankwali, ta koma ta zauna. Ya tambaya ko akwai mai magana. Ba wanda ya ɗaga ido. Ya rubuta a rahotonsa cewa ma'aikata sun amince da zane baki ɗaya.

Wanda aka ba kwangilar kawo injuna dattijo ne, an fi saninsa da Mai-injuna. Ya shekara talatin yana wannan sana'a. Ranar da ya zo ganin wuri bai fara da ofis ba. Ya je famfon bayan gini ya wanke hannu da sabulu, ya ga kumfa ta ƙi tashi. Ya karɓi butar shayin matan ya leƙa ciki, ya ga farin ɓawo ya lulluɓe gindinta. Sannan ya shiga sabon ginin ya dinga buga daɓe da diddige. Bayan haka ya nemi ganin Injiniya. Sa'a biyu aka bar shi a benci a ƙofar ofis.

Da aka shigar da shi ya ce, "Yallaɓai, abu uku nake son in faɗa maka. Ruwan rijiyarku yana da zartsi. In ba a sa matatar ruwa kafin injin ba, bututan ciki za su toshe. Na biyu, daɓen nan ɗanye ne. Injin nan in yana matse kaya, girgizarsa ba wasa ba ce. A bar siminti ya yi mako huɗu kafin mu ɗaure shi. Na uku, ka ba ni kwana uku in zauna da matan da za su riƙe injunan, in nuna musu halinsu."

Injiniya ya jingina da kujera ya yi murmushi. A ransa ya riga ya yanke cewa dattijon wayo yake nema, yana son ya ƙara sayar da kaya, ya kuma sami uzurin latti.

Ya ce, "Baba, na san halin 'yan kasuwa. An zo sayar da doki, sai a ce sai an haɗa da sirdi. Matata ba ta cikin takarda. Ranar ɗaurewa tana cikin takarda. Maganar koyarwa kuwa, maɓalli ne kore da ja, wa zai kasa dannawa? In ba za ka iya cika alkawari ba, akwai masu jira."

Dattijon ya dube shi, ya ɗauki hularsa daga gwiwa ya sa.

Ya ce, "Shi ke nan, yallaɓai. Abin da ke takarda shi zan yi."

Haka kuwa ya yi. Ya kawo injuna ranar da aka ce, ya ɗaure su inda aka nuna, aka sa masa hannu, ya tafi. Bai rage ko noti ɗaya ba, bai kuma ƙara ko kalma ɗaya ba.

Gini ya yi ta tafiya yadda Injiniya yake so. Bai taɓa jin daɗin aiki kamar wannan ba, domin ba mai musu da shi. Ya ɗauka kowa ya gamsu. Bai san shiru iri biyu ba ne, akwai na yarda, akwai na zuba ido. Ranar da aka shimfiɗa farin tayil mai sheƙi a ƙasa, matan suka leƙa ta taga lokacin hutun rana.

Rediyo ta ce, "Goggo, ɗanki banki ya gina mana. Ruwa da sabulu a kan wannan? Ga shi a miƙe ɗoɗar, ba gangare. Ruwan ta ina zai bi? Ki faɗa masa mana."

Goggo ta ce, "An ce aikinmu wanki." Ta juya ta koma kan kwaminta.

Sau ɗaya kawai ta sake buɗe baki. Ta ji labarin cewa da zarar an buɗe sabon ɗaki za a rushe tsohon, a mai da wurin da filin shanya wajen ajiye motoci. Ranar Asabar da la'asar ta je gidansa da kanta. Matarsa ta shimfiɗa mata tabarma, yara suka haye jikinta. Bayan an gaisa ta ce, "Nan dai gida ne, ko? To ka ji. Kada ka rushe tsohon sai sabon ya yi wata guda yana aiki. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari."

Ya ce, "Goggo, in na bar tsohon, matan nan ba za su taɓa sakin jiki da sabon ba. Kullum za su riƙa komawa."

Matarsa ta sa baki ta ce, "Baban yara, wata guda fa ta ce. Me zai ragu a jikinka?"

Ya ce, "An riga an sa ranar da motar rusau za ta zo."

Goggo ta juya wajen yaran. Ta yi wasa da jikoki, ta sha ruwa, ta yi sallama.

Aka buɗe sabon ɗaki kwana tara kafin wa'adi. Aka yanka ƙyalle, aka yi tafi, aka ɗauki hoto. Babban Likita ya yaba wa Injiniya a gaban jama'a. Kwana uku bayan nan motar rusau ta farfasa kwami ukun, aka cire igiyoyin shanya, aka zuba kwalta.

Makon farko zannuwa suka fara fitowa da tabo launin ƙasa wanda ba ya fita. Ma'aikatan jinya suka dinga dawo da su. Injiniya ya ce matan ne ba sa son sabon abu, ya liƙa takardar gargaɗi a bango. A bakin ƙofa ɗaya tilo kuwa, keken ƙazanta da keken wankakku kullum sai sun gogi juna, ana "matsa in wuce". A mako na huɗu inji na tsakiya ya fara rawa in yana matsa, har daɓen ƙarƙashinsa ya tsage. Matan sun ga tsagewar tun tana kamar silin gashi. Ba wadda ta faɗa, domin wadda ta fara kai ƙorafi takardar gargaɗi ta samu. A mako na tara bututan inji biyu suka toshe da farin ɓawo, suka tsaya cik. Wanda ya rage shi ne mai rawar, shi ma aka kashe shi don kada ya tumɓuke.

Asibiti ba ya hutun wanki. Kafin azahar kaya sun yi tsibi har baranda. Injiniya ya buga wa Mai-injuna waya, ya ce masa ya zo yanzu-yanzu. Dattijon ya ce ma'aikatansa suna wani aiki, sai mako mai zuwa, kuma ɓarnar ruwa ba ta cikin abin da takarda ta ɗora masa. Injiniya ya yi ta faɗa, dattijon ya saurara har ya gama, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka," ya ajiye waya.

Ba yadda za a yi, aka sayo manyan robobi. Mata goma sha huɗu suka duƙa a kan farin tayil suna wankin asibiti guda da hannu. Ba kwami, ba filin shanya, ruwa kuma ba shi da hanyar fita, sai dai a kore shi da tsintsiya. Koren ƙyallen da ake rufe majinyaci da shi a ɗakin tiyata ya yi ƙaranci, har likitoci suka dakatar da duk aikin da ba na ceton rai ba. Mutanen da suka zo daga nesa da ranar da aka ba su aka ce su koma gida.

A rana ta uku da hantsi, Goggo ta ɗauko roba cike da jiƙaƙƙun zannuwa. Ƙafarta ta zame a kan kumfa. Ta faɗi ta gefe, robar ta bi ta ta danne.

Rediyo ce ta banko ƙofar ofis ba sallama. Ta ce, "Injiniya, taso! Uwarka ta faɗi!"

Ya same ta kwance cikin ruwa, matan sun kewaye ta, ɗaya ta tallafe mata kai. Ba ta yi kuka ba, leɓe kawai ta cije. Ya durƙusa da wandonsa mai guga a cikin kumfar yana kiran "Goggo, Goggo," abin da bai taɓa kiranta da shi a asibitin ba. Hoto ya nuna ƙashin ƙugu ya karye.

Likitan ƙashi ya ja shi gefe ya ce, "Aiki za a yi mata, kuma gara da wuri. Amma ka fi ni sanin halin da muke ciki. Ƙyallen da ya rage na masu haihuwa ne da waɗanda rai ke hannun Allah."

Kwana shida Goggo ta yi a kwance tana jiran layi. Kullum yana zuwa ya tsaya a ƙarshen gado. In zafin ya taso mata sai ta juya fuska bango don kada ya gani, shi kuwa yana gani.

A rana ta biyu da faɗuwarta ya tuƙa mota da kansa zuwa shagon Mai-injuna. Ya shirya zai yi jira, amma dattijon yana ganinsa ya ba shi kujera. Injiniya ya ba shi haƙuri, ya faɗa masa abin da ya faru. Dattijon ya yi salati.

Ya ce, "Wannan baiwar Allah ce ta miƙo mini butarsu ranar da na je. Yallaɓai, ka ga waccan matatar a lungu? Tsohuwa ce amma tana aiki. Niyyata ranar nan in ce a sa muku ita aro har ku shirya. Ba ka bari na kai nan ba. Ni ma kuma zuciya ta ɗebe ni. Da ka ce akwai masu jira, sai na ce to bari in ga gudun ruwanka. Ban yi tunanin a kan wa abin zai ƙare ba."

Washegari ya zo da ma'aikatansa duka. Sun tayar da inji ɗaya cikin kwana huɗu, da shi aka samu aka yi wa Goggo aiki. Sauran biyun sai da aka jira kayan gyara daga nesa.

Kwamitin bincike ya zauna. Aka kira matan ɗaya bayan ɗaya, kuma a wannan karon sun yi magana, har Rediyo sai da aka ce mata ya isa. Aka ɗauko rahoton da ya ce ma'aikata sun amince baki ɗaya, aka karanta a gabansa. Bai yi musu ba. Aka cire shi daga aikin, aka mayar da shi kula da ɗakin ajiyar kaya. Aka kawo wata injiniya daga wani reshe ta gyara ɓarnar.

Goggo ta tashi, amma likita ya ce ita da sanda mutu-ka-raba, wanki kuwa ta yi ban kwana da shi. Alhali da ma saura shekara uku kacal ta yi ritaya da ƙafarta. Wata rana da yamma, kafin a sallame ta, Injiniya yana zaune gefen gadonta yana ɓare mata lemo, sai ya ce, "Goggo, ki yafe mini."

Ta ce, "Na yafe tun ina kwance a ruwan nan. Amma laifin ba naka ba ne kai kaɗai. Na ga tayil ɗin nan da idona, na san zai kayar da mutum. Fushi ya sa na kame bakina. Da wata cikin 'ya'yan mutane ce ta faɗi, da me zan ce wa Allah? Gara da ya zama ni."

Wannan magana ta fi zagi yi masa ciwo. Yana nan kansa a ƙasa sai aka yi sallama. Sabuwar injiniyar ce, riƙe da littafi da naɗaɗɗiyar takarda. Ta durƙusa ta gaishe da Goggo, ta ce, "Mama, an ce duk asibitin nan ba wanda ya san wanki kamarki. In jikin zai bari, ina son ki koya mini kafin in taɓa ko bulo ɗaya."

Goggo ta sa aka ɗaga mata matashi. Aka buɗe zanen a kan gado, takardar tana ta naɗewa. Sabuwar injiniyar ta dubi mutumin da ke zaune da lemo a hannu. Ba ta san ko wane ne ba.

Ta ce, "Malam, don Allah riƙe mana wannan gefen."

Ya ajiye lemon ya riƙe. Goggo ta fara magana. Ta faɗi inda za a fasa ƙofa ta biyu da dalilinta. Ta faɗi tsayin da kwami zai yi don kada bayan mace ya ƙage. Ta faɗi ranakun da kayan tiyata suka fi yawa, da irin zanin da ke zubar da zare ya toshe magudana, da yadda ake gane bargon ɗakin yara ya bushe har ciki. Matar tana rubutu, tana tambaya, tana sake tambaya. Fiye da sa'a guda suka yi. Shi kuwa yana tsaye riƙe da gefen takarda, hannunsa ya yi tsami bai saki ba. A gidan matar nan ya girma, a gabanta ya koyi karatu, amma rabin abin da ta faɗa a ranar bai taɓa sanin ta sani ba.

Da suka gama, sabuwar injiniyar ta naɗe takardarta, ta yi wa Goggo godiya, ta juya gare shi ta ce, "Kai ma sannu da ƙoƙari. Ɗanta ne kai?"

Ya ce, "Eh."

Ta ce, "Ka yi sa'ar uwa."

Ya fita baranda ya tsaya, yana kallon wata mata tana tura keken zannuwa, har ta sha kwana.

Darasin wannan labari shi ne, duk wanda aka ɗora wa jagorancin aiki ya sani cewa takarda da muƙami suna iya sa mutane su yi biyayya, amma ba sa iya sa su ba da haɗin kai. Wanda zai yi amfani da abin da kake ginawa, da wanda zai kawo maka kayan ginin, kowanne yana riƙe da sanin da ba ya cikin zanenka, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ka mutunta su, za su faɗa maka matsala tun tana ƙarama, har su taya ka da abin da ba ka roƙa ba. In ka wulaƙanta su, za su yi maka iyakar abin da ka ce, su zuba maka ido. Ka tambaya kafin ka zana, ka saurara kafin ka yanke, kuma in ka ga kowa ya yi shiru, ka binciki dalili. Shi ma wanda aka ƙi jin maganarsa, kada fushi ya sa ya ɓoye gaskiyar da za ta tsare lafiyar mutane, domin in ɓarna ta zo ba ta tambayar wa ya jawo ta.